Daga huhun goro zuwa buhun gyaɗa: Alhassan Ɗantata kamar yadda muke ganinsa daga Maraɗi

A ƙarƙashin gadon kakata, a gidanmu na unguwar Bagalam, akwai wasu ƙarafan awo guda uku da tsatsa ta ci, waɗanda tun muna yara aka hana mu wasa da su. Na kakana ne, wanda ya yi shekaru yana zaman sikeli a kakar gyaɗa, yana saye wa maigidansa a kasuwannin ƙauye da ke tsakanin Maraɗi da Madarumfa. Ban riske shi da wayo ba, amma kakata, Allah ya jiƙanta, takan jawo ɗaya daga cikin ƙarafan ta ɗora mini a tafin hannu ta ce, "Maigida, da wannan aka ciyar da ubanka." A bakinta kuma na fara jin sunan Ɗantata, domin duk lokacin da wani yaro ya nemi abin da ya fi ƙarfin gidan, sai ta tambaye shi ko a gidan Ɗantata aka haife shi. Ba ta taɓa zuwa Kano ba, ba ta kuma taɓa ganin mutumin ba, amma sunansa ya tsallako iyaka ya shigo har tsakar gidanmu, ya zama mudun da ake auna arziki da shi.

Da na girma na shiga bin diddigin rayuwarsa, sai na lura cewa abin da jama'a suka riƙe game da shi guda biyu ne kawai, wato dalar gyaɗa da raƙuman kuɗi. Duka biyun sun faru, amma a ƙarshen tafiya suka zo, kuma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne farkonta, domin a nan ne nake ganin kamannin kakana da na dubban irinsa.

An haifi Alhassan a shekarar 1877 a Bebeji, cikin ƙasar Kano, a gidan fatake na Agalawa. Agalawa mutane ne da asalinsu ya gangaro daga arewa, daga wajejen Abzin, suka zauna a ƙasar Katsina da ta Kano, suka zama Hausawa a harshe da ɗabi'a, suka kuma shahara da fataucin goro tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Kakansa, Baba Talatin, daga ƙasar Katsina ya taso ya sauka a Madobi, don haka mu Katsinawan Maraɗi muna da ɗan abin da za mu ce a cikin wannan tarihi. Mahaifinsa, Madugu Abdullahi, jagoran ayari ne, mahaifiyarsa kuma, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma ƴar kasuwa ce mai zaman kanta. Mahaifin ya rasu Alhassan bai kai shekara goma ba, uwar ta koma Akra da harkokinta, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga sunan wannan tsohuwa aka sami Ɗantata. Nakan daɗe ina tunanin wannan al'amari: sunan da ya fi kowane suna nauyi a kasuwancin ƙasar Hausa ba na madugu ba ne, na wata mata ce da ba ta mallaki ko kanta ba, wadda ta yi renon maraya.

Ya yi karatun allo a Bebeji kamar kowane yaro na zamaninsa, yana karatu yana neman abin da zai ci, kuma yana matashi ya bi ayari zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau. Ya kamata mai karatu na yau, wanda ke hawa mota daga Maraɗi da safe ya yi sallar azahar a Kano, ya tsaya ya fahimci abin da ake nufi da tafiya Gwanja. Tafiya ce ta watanni a ƙasa, da jakuna da takarkarai da ƴan alaro, a ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, a ratsa ƙasar Bargu inda ƴan fashi ke tare hanya, a bi ta Zugu da Sansanin Mango da Yandi, kafin a isa Salaga, kasuwar da goron ƙasar Asante ke fitowa. Ana tafiya da kanwa da fatu da turkuɗi da saƙi da dabbobi, a dawo da goro. Madugu ne ke da maganar ƙarshe, jagaba na gaba yana duba hanya da zango, kuma a kowane gari sai an zauna da sarki an daidaita kuɗin fito da na wucewa kafin a ɗaga. Shi kuwa goro kaya ne mai rai. Dole a riƙa kwance huhu a hanya ana yayyafa ruwa, ana sauya ganye, ana tsince wanda ƙwaro ya taɓa, domin guda ɗaya in ya lalace yakan ja ƙwarya ɗaya, ƙwarya kuma ta ja huhu. Wanda ya tashi cikin wannan sana'a ya koyi lissafi da ka, ya koyi sanin kaya da ido da hannu, ya kuma koyi abin da ya fi waɗannan wuya, wato sanin mutumin da za a ba amana da wanda ba za a ba ba, domin a Salaga ko a Kano baƙo ba ya ciniki sai ta hannun fatoma da dillali, kuma yawancin cinikin bashi ne da baki kawai ya ƙulla.

Kafin ya tsaya da ƙafafunsa sai yaƙin basasar Kano ya ɓarke a 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa da yawa sun bi Tukur, kuma da aka ci su da yaƙi dukiya ta salwanta, aka kama mutane, har da Alhassan da wasu ƴan'uwansa, sai da aka fanshe su. Mutumin da daga baya aka ce babu mai kuɗi kamarsa a Afirka ta Yamma ya taɓa zama kamamme wanda ake yi wa kuɗi.

Abin da ya raba shi da sauran fatake ya fara bayyana ne a farkon ƙarni na 20. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sun riga sun karya Asante, Salaga kuma ta mutu tun bayan rikicin da ya tarwatsa ta a 1892. Tsohuwar hanya tana mutuwa, amma mutane ba su daina cin goro ba. Alhassan yana cikin na farko da suka gane cewa teku ta fi daji sauƙi, ya riƙa sayen goro a wajejen Kumashi yana fitar da shi ta Akra da Sakandi, yana loda shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga can kuma a hau da shi arewa. Tafiyar da ke cin watanni ta koma ta makonni, asarar hanya ta ragu, jari kuma ya riƙa juyawa sau da yawa a shekara maimakon sau ɗaya. Ba ƙaramin abu ba ne ɗan madugu ya bar hanyar da ubansa da kakansa suka bi ya amince wa jirgin Nasara da kayansa, kuma a ganina wannan shawara ta fi duk wadda ya yanke daga baya muhimmanci.

Sai dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ƴan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa domin masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka yi nasu lissafin. Gyaɗa tana son jigawa, ana haɗa ta da gero da dawa a gona ɗaya, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, kuma in kasuwa ta ƙi, ana iya cin ta, abin da ba za a yi da auduga ba. A daidai lokacin masana'antun Turai suna neman mai domin yin sabulu da man shafa wa burodi, farashi kuma ya yi kyau. Gyaɗar da Najeriya ta fitar ta tashi daga kimanin tan 2,500 a 1912 zuwa fiye da tan 19,000 a 1913. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da jiragen ruwa, amma ba su san ƙauye ba, ba su jin Hausa, ba kuma wanda zai karɓi maganarsu. Fataken goro ne suka san wannan duka, shi ya sa su ne suka zama manyan masu sayen gyaɗa na farko, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo. Alhassan ya dawo ya zauna a birnin Kano a wannan zamani, ya kafa gida a Sarari. A 1918 kamfanin Niger Company ya ɗauke shi ya riƙa saye masa gyaɗa, kuma cikin ƴan shekaru ya wuce waɗanda suka riga shi.

Yadda aikin ke tafiya shi ne wurin da ya dace a daɗe, domin shi ne ainihin abin da aka gada. Kamfani yakan ba babban ɗan kasuwa kuɗi tun kafin kaka. Shi kuma ya rarraba wa yaransa, kowa da yankinsa, wasu ma tun da bazara suke fita suna ba manoma kuɗi ko gishiri ko tufafi a kan alkawarin gyaɗa. Da kaka ta yi, sai a kafa sikeli a bakin kasuwa da mararrabar hanyoyi, a auna, a zuba a buhu, a ɗinke, jakuna da raƙuma su kai tashar jirgi, daga baya kuma motoci suka karɓi aikin. Babu takardar yarjejeniya tsakanin maigida da yaronsa. Abin da ke riƙe da tsarin shi ne cewa maigida ya san uban yaron, shi ya yi masa aure, shi zai raɗa wa ɗansa suna, kuma yaron ya san in ya ci amana ba zai sake samun mai ba shi jari ba daga nan har Ikko. Wanda ya yi gaskiya shekara da shekaru, sai a sallame shi da jarin kansa, ya zama maigida shi ma, ba tare da ya yanke hulɗa da gidan da ya fito ba. Ɗantata bai ƙago wannan tsari ba, a zango ya same shi. Abin da ya yi shi ne ya ɗauke shi daga ayari ɗaya mai tafiya sau ɗaya a shekara ya shimfiɗa shi a kan ƙasa baki ɗaya, har ya zama yana da wakilai a garuruwa masu nisa da juna, suna sayen gyaɗa da fatu, suna sayar da goro da yadi da tsakiya, kuma kowace safiya ana zuwa gabansa ana ba da lissafi.

Labarin raƙuman ya faru ne a 1929, lokacin da bankin Turawan Ingila na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, Alhassan kuma ya kai ajiyar tsabar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. A wannan shekarar ce aka haɗe manyan kamfanonin Ingila aka kafa UAC, wanda ya zama babban mai sayen gyaɗa a hannunsa. Alhassan ya yi aikin hajji a cikin shekarun 1920 ta jirgin ruwa, ya ratsa ta Ingila, a zamanin da yawancin alhazan ƙasar Hausa ke tafiya a ƙasa ta Sudan suna yin shekaru a hanya.

Mu a nan, gyaɗa ta kama mu ne a makare kaɗan, amma da ta kama ba ta yi mana da wasa ba. Maraɗi gari ne da sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa mulki a cikinsa bayan jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina a 1807, kuma ya shafe yawancin ƙarni na 19 cikin yaƙi da maƙwabtansa na kudu, don haka ba shi da tsohon gidan fatauci irin na Kano. Da Faransawa suka zo suka ɗora haraji wanda dole a biya da kuɗi, sai talaka ya rasa abin da zai sayar in ba gyaɗa ba. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA da Niger Français suka buɗe kantuna, tare da wasu Kwarori, su ma kuma suka tarar da abin da takwarorinsu suka tarar a Kano, cewa ba za su isa ga manomi ba sai ta hannun ɗan gari. Gyaɗar tamu kuwa ta Kano take fita, domin dogon da ya fi kusa da mu na Ingilishi ne, kuma haka aka yi ta yi har 1953, lokacin da Faransa ta shirya jigila ta Paraku da Kwatano domin karkatar da wani kaso zuwa ƙasashenta. Buhunan da kakana ya ɗinke a wajejen Madarumfa, waɗansunsu a filin Kano suka kwana, kusa da na Ɗantata. Bayan ambaliyar Gulbin Maraɗi ta 1945, wadda ta cinye tsohon gari ta sa aka hauro tudu, sabon garin da aka zana da faffaɗan tituna da kuɗin gyaɗa ya cika. Manyan alhazan Maraɗi na farko, waɗanda sunansu ya kai Yamai da Kwatano, da yawansu a bakin sikeli suka fara, suna barori a ƙarƙashin wani ubangida, daidai da yadda yaran Ɗantata suka fara.

Ba zan rubuta wannan tarihi kamar kowa ya ci riba a cikinsa ba, domin ba haka aka yi ba. A Landan da Marsai ake yanka farashi, kamfani ya cire nasa, babban ɗan kasuwa ya cire nasa, mai sikeli ya cire nasa, abin da ya rage shi ne na wanda ya yi noma da kora da roro. Manomin da ya karɓi kuɗi da bazara saboda rumbu ya ƙare, da kaka yakan biya da gyaɗar da ta fi abin da ya karɓa daraja nesa ba kusa ba, kuma akwai masu sikelin da ke tauye awo. Kakata ta gaya mini cewa akwai shekarar da farashi ya faɗi bayan kakana ya riga ya saya da tsada, kamfanin da maigidansa ke kai wa kaya ya ƙi ɗaukar ko kaɗan daga cikin asarar, maigidan ya sauke rabinta a kansa, sai da aka sayar da shanu biyu da zannuwan aurenta kafin aka fita. Ta ce duk da haka bai bar gidan ba, domin a shekarar da ta biyo baya maigidan ne ya sake ba shi jari ba tare da ya tambaye shi jingina ba. Tsarin yana da rahama yana da ƙunci, kuma ƙuncin kullum ƙasa yake gangarowa.

Ko dalar gyaɗar da muke alfahari da hotunanta tana da fuska biyu. Ana danganta fara gina ta da Ɗantata, kuma dala ɗaya takan ɗauki buhu kusan 15,000, an jera su da gwaninta ta yadda iska za ta ratsa, a rufe da tamfol saboda ruwa. Amma dalilin da ya sa ta tsaya tana tsawo shi ne jirgin ƙasa ba ya iya kwashe amfanin shekara cikin lokaci, musamman bayan yaƙin duniya na biyu, don haka kaya ke jibge suna jira, wani lokaci har kaka ta zagayo. Alamar yalwa ce, kuma alamar cewa arzikin miliyoyin manoma ya rataya a kan layin dogo guda ɗaya da kasuwa guda ɗaya.

Alhassan Ɗantata ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955 a Kano, aka binne shi a gidansa na Sarari. Kafin rasuwarsa ya hori ƴaƴansa da kada su tarwatsa harkar, kuma sun ji, abin da ba kasafai ake samu ba a gidajen attajiranmu, inda sau da yawa jari ke mutuwa ranar rabon gado. Sanusi da Aminu sun ci gaba da ita suka faɗaɗa ta zuwa sufuri da gine-gine da sauransu. Alhaji Aminu ya rasu a watan Yunin 2025 aka binne shi a Madina. Aliko Ɗangote kuma, wanda simintinsa ke cike da kasuwanninmu, jikan Sanusi ne ta wajen uwa, kuma da jarin da ya samu daga dangin uwarsa ya fara ciniki, wato ta tsohuwar hanyar nan ta maigida da yaronsa.

Gyaɗar ita kanta ba ta daɗe sosai bayansa ba. A Nijar an kafa kamfanin SONARA a 1962 ya karɓi harkar fitar da ita, kuma a shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin abin da ƙasar ke samu daga kayan da take sayarwa waje. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, cuta ta biyo baya, manoma suka koma wa gero da wake domin ciki ya riga aljihu, gwamnati kuma ta juya ga yuraniyom na Arlit kamar yadda ta Najeriya ta juya ga man fetur. Filayen dala na Kano suka zama gidaje da kasuwanni. Alhazan Maraɗi ba su faɗi tare da gyaɗa ba, domin tun lokacin yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, sun koma shigar da kaya Najeriya ta iyakar Ɗan Isa da Jibiya, da yaran da suka riga suka horar da kuma abokan hulɗar da suka riga suka sani a Katsina da Kano. Kakana bai kai ga wannan mataki ba. Ya nannaɗe igiyar sikelinsa a shekarar fari, ya koma gona, ƙarafan kuma suka shiga ƙarƙashin gado.

A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin dogon da zai tashi daga Kano ya bi ta Katsina da Jibiya ya ƙare a Maraɗi, mai tsawon kilomita 284. Shekara 110 ke nan bayan dogo ya isa Kano, kuma duk tsawon wannan lokaci kayanmu a bayan jaki da raƙumi da mota suke zuwa su same shi. Kayan da ke jiransa yanzu wake ne da aya da riɗi da dabbobi, kuma matasan da ke sayen su a kasuwannin ƙauye da wayar hannu suke jin farashin kasuwar Dawanau ta Kano kafin su buɗe baki, amma har yau jarin da ke aljihun yawancinsu na wani maigida ne da ya san iyayensu. Ɗaya daga cikinsu ɗan ƙanena ne, wanda ke sayen aya a wajejen Gidan Rumji. Da sallar da ta wuce ya zo gaishe ni, na fito masa da ƙarafan nan uku na gaya masa na wane ne, ya juya su a hannunsa ya ce, "Baba, ka bar mini ɗaya in ajiye a shago." Na ba shi mafi girma daga cikinsu.